Yadda ake gano tsukewar jijiyar jini ta hanyar sauraro

Jinin da ke gudu cikin lafiyayyar jijiya shiru yake tafiya. Idan ka ɗora abin sauraro a wuyan mai ƙoshin lafiya, abin da za ka ji bai wuce amon bugun zuciya daga nesa ba, sai kuma shigar numfashi da fitarsa. Amma idan kitse da kolesterol suka taru a bangon jijiya har hanya ta tsuke, sai jinin ya riƙa kutsawa da gudu, ya fito ta ɗaya gefen a hargitse yana kaɗa bangon. Duk wanda ya taɓa danne bakin tiyo da babban yatsa lokacin ban-ruwa ya san yadda ruwa ke sauya murya. Wannan kaɗawar ce kunne ke ji kamar huci, fuu, fuu, tare da kowane bugun zuciya. A ɗakin marasa lafiya za ka ji likitoci na ce mata burui.

Bayanin da ke tafe na ɗaliban aikin jinya ne da na likitanci, da ma'aikatan lafiya na ƙananan asibitoci inda babu na'urar sikanin a kusa. Ba aikin da mutum zai yi wa kansa a gida ba ne. Jijiyoyin da ake magana a kansu kuwa su ne masu ɗauko jini daga zuciya su kai sassan jiki, waɗanda ake jin bugunsu da yatsa.

Ka fara da sanin ƙarar

Mutum ba ya gane abin da bai taɓa ji ba. Sa'ar da aka yi ita ce duk wanda ya iya auna hawan jini da hannu ya riga ya saurari tsukakkiyar jijiya, ko bai lura ba. Ɗamarar da ake hurawa a damtse matse jijiya take yi. Da ka fara sakin iska, jini ya fara kutsawa ta ƙaramar kafa, sai ka ji ƙwanƙwasa, daga bayanta kuma ƙarar ta yi laushi ta koma kamar huci, sannan ta sake ƙarfi, ta dusashe, ta ɓace. Likitan sojan Rasha Nikolai Korotkoff ne ya bayyana waɗannan sautuka a shekarar 1905, kusan shekara 90 bayan René Laennec ya ƙirƙiro abin sauraron ƙirji a Faransa a 1816. Gaɓar nan ta biyu, mai kama da huci, ita za ka riƙe a kunnenka. Ka samu abokin karatu, ka riƙa sakin iskar a hankali, ka saurari wurin da kyau har ya zauna maka.

Hanya ta biyu ita ce ka je sashen wankin ƙoda, ka nemi izinin mara lafiyar da aka haɗa masa jijiyoyi a hannu, ka saurara. A can ƙarar ba ta ɓuya.

Shiri

Hucin jijiya ba shi da ƙarfi, ƙarar fanka kaɗai ta isa ta danne shi. A kashe fanka, a rufe ƙofa, idan janareta na kusa da taga a sauya ɗaki. 'Yan rakiya su ɗan dakata da hira. Ka duba abin sauraronka: 'yan kunnen su fuskanci gaba, su toshe kunne sosai, robar kuma kada ta zama ta tsage. Kan nasa fuska biyu gare shi, faffaɗan faifai da ɗan ƙoƙo. Ƙoƙon ya fi kama sauti mai kauri, kuma ya fi zama daidai a lungun wuya, faifan kuwa ya fi kama siririn sauti. Da duka biyun za ka saurara. Ka murza kan a tafin hannunka ya yi ɗumi kafin ka ɗora wa mutum, kuma a kan fata za ka ɗora, ba a kan riga ko mayafi ba, domin gogar yadi kan yi ƙarar da za ta ruɗe ka.

Kafin ka taɓa shi, ka yi tambaya. Yana shan taba? Yana da hawan jini ko ciwon suga? Ya taɓa jin hannu ko ƙafa sun mutu na ɗan lokaci, ko harshe ya karye, ko ido ɗaya ya rufe sannan ya washe? Ƙafarsa na ciwo idan ya yi tafiya, ta lafa idan ya tsaya? Amsar waɗannan ita ke ba ƙarar ma'ana. Sannan ka auna hawan jini a hannu biyu. Idan lambar sama ta bambanta da 15 ko fiye, ka sake aunawa, in ya tabbata ka sa ran tsukewa a jijiyar da ke kai jini hannun da ya yi ƙasa.

Wuya

Nan ne aka fi nema, nan ne kuma aka fi yin kuskure. Jijiyoyi biyu manya, ɗaya a kowane gefe na maƙogwaro, su ke kai mafi yawan jinin ƙwaƙwalwa. Kowace tana rabuwa biyu daidai saman guringuntsin maƙogwaro, a 'yar ƙasa da kusurwar muƙamuƙi, kuma a wannan mararrabar ce kitse ya fi son taruwa.

Mara lafiya ya zauna, ko ya kishingiɗa a ɗan ɗaga kansa. Haɓarsa ta ɗan ɗaga, ya karkata fuska kaɗan zuwa ɗaya gefen. Kaɗan na ce, domin idan ya murɗa wuya da yawa tsoka za ta ɗaure ta yi tata ƙarar. Ka fara sauraro kafin ka lalubi bugu da yatsa. Idan akwai huci, to babu dalilin da zai sa ka danna wurin.

Wuri uku za ka ɗora ƙoƙon a kowane gefe: gindin wuya daidai saman ƙashin nan da ya kwanta daga wuya zuwa kafaɗa, sai tsakiyar wuya gefen maƙogwaro, sai can sama ƙarƙashin kusurwar muƙamuƙi. A kowane wuri sai ka ce, "Baba, ja numfashi. Fitar. To, tsaya haka, kada ka yi magana." Kai ma ka riƙe naka numfashin tare da shi. Amfaninsa biyu: kunnenka zai fi ji, kuma ba za ka manta ka bar dattijo yana shiɗewa ba. Bugu huɗu ko biyar sun isa, sai ka ce, "Madalla, yi numfashi."

Ɗorawa kawai ake yi, gwargwadon yadda bakin ƙoƙon zai manne da fata. Idan ka danna, kai da kanka ka tsuke jijiyar, za ka ji hucin da hannunka ya haifar ka rubuta wa mutum cutar da ba shi da ita. Abin da ya fi wannan muni shi ne a mararrabar nan akwai wurin da ke lura da ƙarfin jini, wanda matsa shi kan sa bugun zuciya ya ragu har mutum ya suma, musamman tsofaffi. Kada kuma ka taɓa danne gefe biyu a lokaci guda.

Idan ka ji wani abu, ka ɗora yatsa a bugun wuyan hannunsa don ka san lokacin. Hucin tsukewa yana zuwa ne tare da bugu, wato sa'ad da zuciya ta matse ta turo jini. Ka lura da abu uku: inda ya fi ƙarfi, kaurinsa ko sirantarsa, da tsawonsa. Gajeren huci mai kauri galibi tsukewa ce matsakaiciya. Wanda ya sirance kamar fito, ya yi tsawo har ya tsallake bugu na biyu na zuciya ya shiga lokacin da ta saki, wannan ya fi nuna hanya ta tsuke ƙwarai.

Ba kowace ƙara ce tsukewa ba

Babbar mai ruɗarwa ita ce ƙarar da ta taso daga zuciya. Idan ƙofar da jini ke fita daga zuciya zuwa babbar jijiya ta tsuke, abin da ya yawaita ga tsofaffi, ƙararta kan hau wuya ta gefe biyu. Don haka duk lokacin da ka ji huci a wuya, sai ka sauko da abin sauraro ƙirji, tsakanin haƙarƙari na biyu da na uku a dama da ƙashin ƙirji, ka riƙa hawa da shi taki-taki. Idan ƙarar ta fi ƙarfi a ƙirji tana raguwa kana hawa, ta zuciya ce. Idan ƙirji shiru ne, ko kuma ƙarar na ƙaruwa kana dosar muƙamuƙi, kuma a gefe ɗaya, to ta jijiyar wuya ce.

Ga yara da matasa akwai wani gunji mai ɗorewa da ake ji a gindin wuya, ya fi yawa a dama, idan suna zaune. Jini ne mai komawa zuciya, ba cuta ba ce. Ka kwantar da yaron, ko ka ɗora yatsa a hankali a gefen wuya sama da inda kake sauraro, za ka ji ya ɗauke. Hucin tsukewa ba ya ɗaukewa da wannan.

Sai kuma duk abin da ke sa jini gudu fiye da kima: ƙarancin jini, juna biyu, zazzaɓi mai zafi, da maƙoƙon da ke aiki fiye da kima, wanda shi kansa ana jin huci a kansa. A asibitocinmu wannan rukunin ba ƙarami ba ne. Mace mai ciki wata bakwai da idonta ya yi fari, ko mai sikila, idan ka ji huci mai laushi a wuyansu ta gefe biyu, gwajin yawan jini ya kamata ka fara nema kafin komai.

Ciki

Mutum ya kwanta rigingine, a sa masa matashi, ya ɗan lanƙwashe gwiwa don tsokar ciki ta saki. A nan faifan za ka yi amfani da shi, kuma a nan an yarda ka ɗan danna, tunda jijiyoyin suna can ciki. Ka fara da tsakiya, tsakanin ƙarshen ƙashin ƙirji da cibiya, inda babbar jijiya ta bi. Daga nan ka matsa kamar faɗin yatsa biyu sama da cibiya, yatsa biyu zuwa dama, sannan zuwa hagu: jijiyoyin ƙoda ke nan. Ka ƙara da kwiɓi, in ya iya zama ka saurari baya ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Sannan ƙasa da cibiya ta gefe biyu, inda babbar jijiya ta rabu ta nufi ƙafafu.

Kukan hanji zai dame ka. Haƙuri ake yi a jira ya lafa, shi ba ya bin bugun zuciya.

Gajeren huci a tsakiyar ciki ana samunsa ga mutane masu lafiya lau, musamman matasa marasa jiki, don haka shi kaɗai ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda ake nema shi ne mai cin lokaci biyu, matsewar zuciya da sakinta, a gefe ɗaya. Ba kowane mai tsukewar jijiyar ƙoda ake jin sa gare shi ba, ba su ma kai rabi ba, amma idan aka ji shi da wuya ya zama na banza. Mutanen da ya kamata ka ba cikinsu lokaci su ne wanda hawan jini ya kama kafin shekara 30, da wanda yake shan magani iri uku har da mai sa fitsari amma jinin ya ƙi sauka, da dattijon da jininsa ya birkice kwatsam bayan shekaru yana zaune lafiya, da wanda aikin ƙodarsa ya ja baya sosai bayan an fara ba shi maganin hawan jini irin su lisinofiril ko losatan. Ga tsofaffi kitse ne sanadi mafi yawa. Ga mata matasa kuwa akwai wata cuta ta bangon jijiyar kanta, akwai kuma kumburin manyan jijiyoyi mai ɗauke da sunan likitan ido na Japan Mikito Takayasu, wanda ya ba da labarinsa a 1908.

Idan hannunka ya ji wani ƙullutu mai bugawa yana buɗewa gefe da gefe sama da cibiya, ka daina dannawa. Wataƙila babbar jijiya ce ta kumbura, wannan kuwa na sikanin ne ba tare da jinkiri ba.

Matsematsi da ƙafa

A nan sai an nemi izini a fili, a rufe jiki da zane, a kuma samu wani ma'aikaci a ɗakin. Mace ta duba mace in da hali. Jijiyar cinya tana wucewa ne a tsakiyar lanƙwasar matsematsi. Ka lalubi bugunta, ka ɗora abin sauraro a hankali, ka kwatanta dama da hagu. Idan mutum na kukan ciwon sha-raɓa in ya yi tafiya amma ba ka ji komai ba, ka sa shi ya yi 'yar tafiya ko ya riƙa ɗage dunduniya har ciwon ya fara, sannan ka sake saurara. Gudun jini idan ya ƙaru, hucin da ya ɓuya kan fito.

Daga gwiwa zuwa ƙasa abin sauraro ba ya da wani amfani sosai. Nan ne ƙaramar na'urar Dofla ta hannu ke shigowa, irin wadda ake jin bugun zuciyar jariri da ita a awon ciki, sai dai ta jijiya kanta daban ne, ya fi siranta. Ana shafa man sikanin, a karkata kan na'urar ya fuskanci inda jini ke tahowa, a nemi jijiyar bayan idon sawu ta ciki da ta saman ƙafa. Lafiyayyar jijiya sauti uku take bayarwa a kowane bugu, ɗaya mai kaifi da biyu ƙanana a bayansa. Wadda aka tare ta daga sama sauti ɗaya take yi, mai ja, marar kaifi.

Da wannan na'urar ake yin awon da ya fi kunne tabbas. Mutum ya kwanta minti 10. A auna lambar sama ta hawan jini a hannu biyu, a ɗauki mafi girma. A ɗaura ɗamarar sama da idon sawu, a auna a jijiyoyin nan biyu, a ɗauki mafi girma. Sai a raba ta ƙafa da ta hannu. Misali ƙafa 98, hannu 140, sakamako 0.70. Daga 0.90 zuwa ƙasa tsukewa ce. Daga 1.00 zuwa 1.40 lafiya. Abin da ya haura 1.40 kuwa ba ƙarin lafiya ba ne, jijiyar ce ta ƙandare har ɗamara ta kasa matse ta, kuma an fi ganin haka ga masu ciwon suga da ciwon ƙoda.

Hannun mai wankin ƙoda shi ne wurin da ƙa'idar ta juye. Haɗin jijiyar da ake yi masa dole ya riƙa gunji mai kauri ba yankewa. Idan gunjin ya koma siririn fito mai zuwa da bugu kawai, hanya ta fara tsukewa. Idan ya yi tsit, ta toshe, a sanar da sashen wankin a ranar.

Me ƙarar ke nufi, me shirun ke nufi

Huci kan fara ne idan faɗin jijiya ya ragu da kusan rabi. Yana ƙara sirancewa yayin da hanya ke ƙara tsukewa. Amma idan ta kusa toshewa gaba ɗaya, jinin da ke wucewa ya yi kaɗan har ba ya iya kaɗa bango, sai ƙarar ta ɓace. Jijiyar da ta toshe ɗungurungum ita ma shiru take, daidai da lafiyayya. Wannan shi ne abin da ya fi kamata ɗalibi ya riƙe.

Alƙaluma ma haka suka nuna. A wani bincike da aka yi a arewacin Manhatan ta birnin New York, aka buga a 2009, sauraro ya kama kashi 56 cikin 100 ne kawai na masu tsukewa mai yawa a wuya, kuma cikin waɗanda aka ji musu huci, ɗaya cikin huɗu ne sikanin ya tabbatar da babbar tsukewa. Haka kuma kwamitin da ke ba da shawara kan rigakafi a Amurka ya ce kada a riƙa bin jama'a marasa wata alama ana neman tsukewar jijiyar wuya, ya kuma sake jaddada haka a 2021.

To mene ne amfanin sauraron? A ganina amfaninsa ya wuce wuyan da aka ɗora wa ƙoƙo. Wani nazari da mujallar Lancet ta buga a 2008, wanda ya tattara bincike 22, ya nuna masu huci a wuya sun ninka waɗanda ba su da shi kusan sau biyu wajen samun toshewar jijiyar zuciya da mutuwa ta dalilin cutar zuciya. Kitsen da ya taru a wuya da wuya a ce bai taru a jijiyoyin zuciya da na ƙafa ba. Mutumin da ka ji wa huci, ko da bai taɓa jin komai ba, mutum ne da za a zauna da shi a kan taba, a daidaita masa hawan jini da suga, a auna kitsen jininsa, likita ya duba ko ya dace da maganin rage kolesterol, sannan a tura shi sikanin jijiyar wuya ba tare da firgita shi ba.

Mai alama kuwa hukuncinsa daban. Wanda bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya rufe, ko da na minti biyar ne ya warware, a ranar za a tura shi babban asibiti, ka ji huci ko ba ka ji ba. Babban gwajin da aka yi a Amurka da Kanada, wanda sakamakonsa ya fito a 1991, ya nuna cewa ga masu alama da tsukewar kashi 70 zuwa 99, tiyatar kankare jijiya ta rage shanyewar ɓarin jiki a gefen daga kashi 26 zuwa kashi 9 cikin shekara biyu. Amfanin tiyatar kuma ya fi yawa idan an yi ta cikin mako biyu. Idan alamun ba su warware ba, kada ka ba da asfirin kafin a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ba toshewa ba.

Akwai kuma tsukewar da kunne galibi ba ya kai wa gare ta, wato ta jijiyoyin cikin ƙoƙon kai. Ita ce ke shanye wa yara masu sikila ɓarin jiki. Ana gano ta ne da Dofla ta musamman da ake ɗorawa a gefen kai, ga yara daga shekara 2 zuwa 16, kuma gudun jinin da ya kai santimita 200 a daƙiƙa alamar haɗari ce. Ana yin wannan awon a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, inda aka gudanar da bincike kan kare irin waɗannan yara da maganin haidiroksiyuriya. Yaro mai sikila da wuyansa ya yi shiru bai tsira daga buƙatar wannan awon ba.

Wajen rubutu a kati, kada ka tsaya a "an ji huci". Ka faɗi gefen, da wurin da ya fi ƙarfi, da ko siriri ne ko mai kauri, da ko ya tsaya a matsewar zuciya ko ya zarce, da abin da ka ji a ƙirji, da hawan jinin hannu biyu. Idan ba ka ji komai ba, ka rubuta "ba a ji huci ba", kada ka rubuta "jijiyoyi lafiya". Wanda zai karɓi mara lafiyar a gaba da abin da ka rubuta zai yi aiki, kuma shi ne zai yanke ko sikanin na gobe ne ko na wata mai zuwa.